Tumatirin Da Aka Hana Ruwa

Share hawayenki, Sahura. Wai don kin daina kai wa ƙaninki kwanon tuwo, ƙato da gemunsa yana kwance a zaure ya ƙi sana'a, shi ne dangi suka ce ba ki da imani? To, su yi ta faɗa! Gyara zama in ba ki misali.

Wata dattijuwa ce mijinta ya rasu, ta dawo gidan wanta da zama. Ba gona, ba ɗa, abin da ya rage mata a duniya sunan da ta yi ne na iya miya. Da rani ita da wan suka shuka tumatir a cikin gida. Shi ya kai nasa inuwar darbejiya, wai kada rana ta wahalar da shi. Safe ruwa, yamma ruwa, ga takin zamani ba awo. Ganye ya yi shar, 'ya'ya ɓul-ɓul kamar dunƙulen hannu, duk wanda ya shigo sai ya ce tubarkalla. Ita kuwa gindin katanga ta kai nata, inda rana ke dukansa tun hantsi. Ta shayar da shi har ya yi fure ya zuba 'ya'ya, amma da ya soma nuna sai ta rage ruwa. Da azahar ganyen ya yi yaushi, abin tausayi. Matan gida suka sa ta a baki, wai ko shuka ba ta tsira daga muguntarta ba. Wata ma ta faki ido ta kwara masa ruwan wanke-wanke. Baiwar Allah ta saro ƙayar magarya ta kewaye shukarta, ta ce duk wadda ta kuma, za ta gane kurenta.

Ana nan aka haifa wa wan jika. Ya ce da nasa tumatirin za ta yi miyar suna, nata ƙananan nan abin kunya ne. Ta tsinko ɗaya daga nasa, ta gatsa, ta tofar. Ruwa ne kawai a cikin jar fata, lami, sai ɗan tsami-tsami. Ta san in ta dafa shi, baƙi ba za su zagi tumatir ba, cewa za su yi hannunta ya mutu. Ta dube shi ta ce, "Yaya, gida naka ne, amma hannu nawa ne. Ko in yi da nawa, ko ka nemi mai dafa maka." Ya fusata ya miƙa wa matan gida nasa. Wayyo, sun sha hayaƙi! Tukunya ta yi ta tafasa, miya tsululu ta ƙi kama jikinta. Aka jefa kanwa, aka ƙara dunƙulen magi, ina! Ita ko ta ɗora 'yar tukunyarta a ƙofar ɗaki, ƙamshi ya bi baƙi har zaure. Kwanukan miyarsa suka dawo yadda aka kai su, nata aka suɗe su tas. Da la'asar sai ga wan da kansa, kwano a hannu, murya ƙasa-ƙasa, yana tambaya ko akwai saura. Ta kife tukunyar a gabansa, ko ɗigo bai fito ba.

Kin gani? Gata ne ya lalata wancan, ƙishirwa ta gyara wannan. Ni dai ina bayanki, Sahura, ki riƙe kwanonki, ki bar ƙanin naki rana ta taɓa shi. Masu surutu su jira ranar ɗanɗano. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.