Faransancin Baba

Har yau in na ji ƙanshin riɗi, la'asar ɗin nan nake tunawa. Wani ɗan kasuwa ya shigo garinmu Gadarif ta Gallabat da ke kan iyaka da tsohon fim ɗin Faransawa na kafin yaƙin duniya na biyu, labarin wata mai leƙen asiri. A siton riɗi aka rataya farin ƙyalle. Fim ɗin ba fassarar Larabci, sai aka kira Baba, tunda a Damagaram ya tashi ƙarƙashin Faransawa kafin hanyar Makka ta ajiye shi nan.

Daga gona yake, ko ƙafa bai wanke ba. Ya zauna kan buhu, ni a gefensa.

A cikin fim ɗin, wani soja ya daka wa matar tsawa a kan iyaka. Maƙwabcinmu Usman ya ce, "Ya Haj, me ya ce?"

"Ya ce tsaya. Sauke kayan. Yi sauri." Baba bai ko ɗaga kai ba.

Can sai ga wani hafsa yana yi wa matar magana ƙasa-ƙasa, tana murmushi. Usman ya taɓo shi. "Yalla, ya Haj, nan fa?"

Baba ya daɗe yana saurare. "Wannan ban san shi ba. Duk shekarun da na yi ina fasa musu dutsen hanya, ba wanda ya taɓa yi mini magana da wannan murya."

Ya jingina da buhu, barci ya kwashe shi. A ranar haushi na ji, ya bar mu ba labari. Yanzu na wuce shekarunsa, na san irin barcin nan.