Ramuwar Haƙorin Makka

Tun da aka kafa dokar ramuwa, duk likitan da ya cire wa mutum lafiyayyen haƙori sai an cire nasa. Shi ya sa Hajiya Lantana ta yi sammako zuwa asibiti, ɗan sanda na biye da ita riƙe da awartaki.

Likita Ɗanlami ne ya fizge mata haƙorin Makka yana hira a waya, ya bar ruɓaɓɓen. Leɓenta ya mutu, yawu na zuba ba ta sani ba sai jikoki sun yi dariya. Tun daga nan take kwana tana tashi da tunanin ihun da zai yi.

"Sannu da jiki, Hajiya," in ji likitan. "Wanne kike so?"

"Na gaba," ta ce.

Ya sa yatsu a baki, ya zaro jerin haƙoransa gaba ɗaya, ya miƙa wa ɗan sandan. Na roba ne.

"Ranar yaye mu ake cire mana duka."

Aka ɓalle ɗaya, aka damƙa mata. Ya mayar da sauran, ya yi murmushi.

"Ruɓaɓɓen yana nan ko? Bismillah, hau kujera."