Taurarin Ɗanbaba

"Ɗanbaba, ka kashe ni!"

Malam Garba, malamin kimiyya a sakandaren Yelwa, ya dafe kai a gaban bangon ajinsa. Ya sha wahalar nuna wa Ɗanbaba mai fenti mazaunin kowane tauraro, ga manyan baƙi za su zo daga Sakkwato gobe. Zane ya yi kyau, amma komai a juye, na sama sun koma ƙasa.

"Wai kai ba ka ɗaga kai ka dubi sama ne?"

Ɗanbaba ya goge hannu a jikin rigarsa.

"Malam, a cikin ruwa nake ganinsu. Tun da kwalekwale ya kife da ɗiyata Ladidi ban sake ɗaga kai ba. Tafkin nake kallo, ko za ta fito."