Aljanin Kwamfutar Kawu

"Kwashe kayanki, mayya!"

Kawuna ne yake yi wa sakatariyarsa tsawa a ofishinsa na sayen koko, wanda ake yin cakulan da shi, a Ibadan. Laifinta shi ne, da zarar ta zauna aiki sai kibiyar kwamfutarsa ta kama yawo ita kaɗai.

Ni da na yi karatu a Rasha na ce, "Kawu, kibod da maus marasa waya ka sayo muku iri ɗaya, kai da ita. 'Yan abubuwan da ake sokawa a gefen kwamfuta ne suka cakuɗe. A gwada mana."

"Rufe mini baki, Baturiya! Sanyin Rasha ya daskarar miki da ƙwaƙwalwa. Ga Fasto nan da na kira, ya riga ya gano aljani ne."

Matar ta durƙusa tana roƙo, tana ambaton 'ya'yanta. Ko kallonta bai yi ba.

Hankalin kowa na kansu. Na jawo kibod ɗinta ƙarƙashin tebur, na danna. Rubutu ya bayyana a fuskar kwamfutarsa: IN TA TAFI, KAI ZAN BI GIDA.

Fasto ne ya riga kowa kaiwa ƙofa. Kawu ya juyo ga sakatariyar.

"Mama, tashi mana. Wa ya ce ki tafi? Amala za a kawo miki ko shinkafa?"