Manomin da Ya Gina Gidan Bulo

Ka ce ƙaninka ya turo kuɗi daga Kurmi, kana shawarar inda za ka sa su. To, saurari misalin wani manomi.

Manomin nan yana zaune a wani ƙauye na bakin gulbi, inda ambaliya ba ta shekara uku ba ta leƙo ba. Wata damina ruwa ya kwantar da shinkafarsa, ya narkar da ɗakunansa biyu na ƙasa. A lokacin matarsa tana goyon 'yar wata takwas. Ba a jima ba wata ƙungiyar agaji ta fara ba mata masu goyo tallafin kuɗi duk wata, wansa kuma mai dako a wata kasuwar birni ya riƙa turo abin da ya sawwaƙa. Mutumin ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba. Ya dai duba ya ga ruwan nan zai dawo, kuma ginin ƙasa ba zai tsaya masa ba. Sai ya haɗa na wansa da na matarsa, ya sami fili a kan tudu, ya fara sayen bulo da siminti. Shekara uku ana wannan gini. A shekarun nan tukunyar gidan ba ta ga kifi ba, ko da yake masunta ta ƙofarsu suke wucewa. Ƙwan da kaji suka saka ma kasuwa ake kai shi. Da kunu tsararo aka yaye yarinyar. Wata rana uwar ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ba ta ƙaruwa." Ya ce, "Yi haƙuri mu rufa kwano, za ta ci har ta ture."

Aka rufa kwano. Ambaliya ta dawo, ta ma fi ta farko, gidan ko gezau. Maƙwabta suka fake a ciki da tabarminsu da awakinsu, kowa na yaba hangen nesansa. Daga nan ya cika alkawari, kifi da wake da nono suka shigo gidan. Da yarinyar ta kai shekara bakwai ya kai ta makaranta. Aka ce ta ɗora hannu bisa kai ta taɓa kunne, hannun bai kai ba, aka ce ta dawo baɗi. Da baɗin ta zo aka karɓe ta, amma abin da aka koya mata da safe, kafin azahar ya gudu. Ya ɗauke ta zuwa asibiti. Malamar asibitin ta auna tsawonta, ta tambayi shekarunta, ta sake tambaya. Sannan ta ce yarinyar ba ta da wata cuta, abin da ya kamata ta ci tana goye ne ba ta ci ba. Na yanzu zai riƙe ta, amma ba zai maido da na baya ba. Ya riƙo hannun 'yarsa suka koma gida.

Ban ce kada ka yi gini ba. Bulo yana jiran mai shi ko shekara goma ne, ƙashin yaro da ƙwaƙwalwarsa ba sa jira. Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.