Ƙanzon Japan

Dunƙulen shinkafa na uku ma ya wargaje a kasko. Sailuba ta kwashe shi ta ajiye gefe ɗaya tare da 'yan uwansa, ta sake tsoma hannu cikin ruwan gishiri.

A falo, mijinta Rilwanu na zaune a kujerarsa da tawul ɗaure a wuya, yana kallon bango. Tun safe abin da ya shiga cikinsa bai wuce kurɓin madara biyu ba. Kunun da ta dama masa kuwa yana nan a jikin labule, inda ya ga ya fi dacewa da shi.

Rigimar cokali ce. Sati uku ke nan da ya ƙulla gaba da shi, da ya hango shi sai ya datse baki ya juya kai. In aka matsa, ya kaɗe hannun mai bayarwa. Ba ya bayani, dama tun da ciwon mantuwa ya kama shi maganar tasa ba ta wuce kalma biyu ko uku.

Diana, nas 'yar Jos da ke zuwa gidansu na Germantown a Amurka duk Juma'a, ta ɗora shi a sikeli makon jiya ta daɗe tana kallon lambar.

"Hajiya, oga ya sake raguwa fa. In na dawo na ga haka, likita zai ce a huda ciki a sa robar abinci. Kuma in aka sa, ba a gida zai zauna ba."

Tsoro ya kama Sailuba sosai. Radiyya, 'yarta da ke aiki a Houston, ta kira ta ce da Turanci a bar likitoci su yi aikinsu. Sailuba ta amsa da Hausa cewa ta ji, ta kashe waya.

Diana ce ta kawo shawarar. Tunda cokali ya ƙi, a ba shi abin da zai riƙe da hannunsa, mai laushi, mai gina jiki. Ta nuna mata bidiyon wata 'yar Japan tana dunƙula shinkafa kusurwa uku tana gasawa, ta ce sunan abin yaki onigiri. Sailuba ta kalla har ƙarshe, ta yanke hukunci: tuwon shinkafa ne da aka fasa tuƙawa, aka bar shi ya kama.

Duk da haka ta tafi Wheaton, kantin 'yan Koriya. Ta sayo shinkafa mai gajeriyar ƙwaya, mai danƙo, da baƙin ruwan waken soya, da naman ƙaguwa, da jatan lande. Akwai wani ruwan zaƙi da matar bidiyon ke zubawa, Sailuba ta sa tabarau ta karanta bayan kwalbar, ta ga da giya a ciki, ta mayar. Zuma ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Ita dai a Kano ta tashi, ƙaguwa a wurinta abin da yara ke tsokana da kara ne a bakin rafi. Yau ga ta tana biyan dala a kansa.

A dunƙule na huɗu ta gane laifinta: tausayin shinkafar take ji. Ta matse ta da ƙarfi tun tana da zafi, har tafin hannunta ya yi ja. Ta shafa mai kaɗan a kasko, ta rage wuta, ta ɗora, ta kuma hana kanta taɓawa. Da ƙasan ya yi ja ta juya, bai fashe ba. Ta shafa masa ruwan soya da zuma, ƙamshi ya tashi, ƙamshin ƙanzo sak.

Ƙaguwar da jatan landen ta daka su lilis, don haƙoran Rilwanu ba su taka kara sun karya ba. Ta soya su da man shanu, ta gauraya da mayonis, ta ɗora a saman kowane dunƙule. Ta ɗanɗana. Ba za ta ce ba daɗi ba, ba kuma za ta gaya wa kowa a Kano ba.

Ta kashe murhu, ta mayar da makullin da aka sa masa saboda Rilwanu, ta fito da faranti.

"Yallaɓai, ga abinci."

Ba ta kiran sunansa. Radiyya ta sha yi mata dariya a kan haka, ta ce nan Amurka ne. Amma akwai sunayen da ba sa fita daga bakin macen da ta san kunya, ko a wace ƙasa take.

Ta ajiye farantin a gabansa, babu cokali, ta koma gefe ta yi kamar tana ninke kaya. Gobe ce Juma'a.

Ya kalli farantin. Ya sa yatsa ya tura ɗaya, ya bi shi da ido. Ya ɗauka, ya shinshina, ya ɗaga hannu sama daidai saitin labule. Sailuba ta rufe ido.

Ba ta ji ƙarar komai ba sai ɗan ƙurus-ƙurus. Da ta buɗe ido, rabin dunƙulen ya tafi, mayonis har a hanci. Ya cinye, ya lashe yatsu, ya ɗauki na biyu. Ta matso a hankali ta goge masa haɓa, bai kaɗe hannunta ba. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi.

Ya ɗago ya dube ta da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙuwa, ya yi magana mafi tsawo da ya yi a wannan shekarar.

"Baiwar Allah, Allah ya yi miki albarka. Don Allah ki koya wa matata wannan, ita ba ta iya komai ba sai tuwo."

Sailuba ta ce to, ta miƙa masa na uku. Shekara arba'in da aurensu, bai taɓa yaba girkinta ba sai yau.