Agwagwar Dam ɗin Rodopi

Na rantse ko an dafa muku littafi ba za ku yarda ba, amma Jelyo kafinta da kansa ya harbi agwagwar nan a gaban mutum ya fi hamsin, rana tsaka, kuma bai sha ko kurɓin giyar nan tasu rakiya ba.

Lokacin kaka ne, shamuwa sun gama wucewa kudu, tsuntsayen ruwa na yada zango a dam ɗin da ke kan dutsen Rodopi. Stoimen, mijin yayar Jelyo, tsohon ɗan kokawa mai wuya kamar turmi, shi ya fara hango ta: agwagwa mai farin kai da shuɗin baki, irin wadda masu kallon tsuntsaye ke tsufa ba su gani ba. Ya yi ta buga waya har muryarsa ta dishe. Kafin mako ya zagayo motoci sun cika bakin ruwa, daga birnin Sofiya, daga birnin Fulobdif, kowa da madubin hangen nesa. Wani ma ɗaurin auren 'yarsa ya baro.

Ita kuwa agwagwar, 'yar sarauta, tana can tsakiyar ruwa, ba ta nutso, ba ta kula kowa.

"Gajiyar tafiya ce," in ji Stoimen. "Bari in ɗauki kwale-kwale in matsa, ko ciwo ta ji."

Jelyo na jin haka ya bar burodinsa a kan dutse ya sulale. Ya rantse a ransa hannun Stoimen ba zai taɓa agwagwar nan ba. Ya ɗauko bindigar kakansa, ya kwanta cikin ciyawa. Kwale-kwale ya ci rabin hanya, Jelyo ya danna kunamar bindiga. Ruwa ya yi tsalle, farin kai ya ɓace.

Wayyo, masu son tsuntsu ba sa son mutum! Wata tsohuwar malamar makaranta ce ta fara cim masa, ta sauke masa ƙarfen girke madubin hangen nesa a ƙeya. Mai 'yar aure ya hau ruwan cikinsa yana kirɓa. Aka karya bindigar a gadon bayansa, aka ja shi kan tsakuwa har riga ta rabu da fata. Haƙori ɗaya ya tofar, ɗaya ya haɗiye.

"Me ta yi maka, ɗan iska?" in ji malamar.

"Harara ta take yi, Inna," ya ce, jini na bin haɓarsa.

Suka ƙara masa. Shi kuwa a ƙasa dariya yake yi a ciki. Wannan duka ai araha ne, ruwa ya haɗiye magana.

Sai taron ya dare. Stoimen ne ya dawo, jiƙe sharkaf har ƙirji, yana tafe a hankali, abu a hannunsa. Ya tsuguna, ya kama kunnen Jelyo ya ɗaga kansa kamar na ɗan akuya.

"Ƙanina," ya ce da murya mai sanyi, yana naɗe hannun riga. Ya ajiye masa rabin agwagwar a kan ƙirji, sassaƙen katako ce, fenti na ɓarewa, igiya da dutse na reto a gindinta. "Wannan ba ƙafar gadon tsohuwata ba ce, da ka karɓa za ka gyara?"